Romon da Na Dafa wa Karen Madam

Kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Na nemi wanda zan raba wautar da shi, ko da kashi ɗaya cikin huɗu ne, ban samu ba. Uwargidana ta ce in na kuskura na sa ta a ciki, in nemi mai tuƙa mini tuwo. Karen kuwa laifinsa ɗaya ne, duk abin da aka ajiye masa ci yake yi.

Ni tsohon mai balangu ne. Kakana ya zo Garwa fatauci daga Kano, ya ɗanɗani kifin Binuwai, bai koma ba. Na gasa nama a bakin tasha tun ina da baƙin gashi har ranar da gwiwoyina suka ajiye aiki ba tare da sun yi shawara da ni ba. Lekol kuwa, wato makarantar boko ta Faransanci, aji uku na yi, na fito da wi, da mersi, da tabon bulala a ƙauri. Wannan bai hana ni zama mai karanta wa 'yan majalisarmu takardun gwamnati ba, domin su ko ƙofar ajin ba su gani ba. In kalma ta fi ƙarfina sai in yi tari in tsallake ta. Ba wanda ya taɓa kama ni.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana a unguwar Pumpumre da gidan wata malamar lekol da ta yi ritaya, mutuniyar kudu, Kirista. Madam muke ce mata. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna Yawunde da Duwala, sai waya. Abin da ya rage mata mai numfashi a gidan nan kare ne, ja, ƙato, mai karyayyen kunne ɗaya, wanda mijin ya kawo yana ɗan kwikwiyo a shekarar da zai rasu. Da Faransanci take yi masa magana, yana kuma ji, abin da ya daɗe yana sosa mini rai, don ya fi ni ji. Da yamma ina jiyo ta ta bayan katanga tana ba shi labarin yadda ta wuni.

Ni kare ba ya shiga gidana, ba na kuma taɓa shi. Amma gaskiya ɗaya ce, haushinsa gida huɗu yake tsarewa a layinmu, har da nawa.

Wata safiya cikin tsakiyar zafi, lokacin da bangon ɗaki ke ƙona bayan mutum, Madam ta yi sallama a zaurena riƙe da makulli.

"Alhaji," ta ce. Haka take kirana, ko da yake tafiyar da na yi mafi nisa Ngaundere ce. "Za a yi mini aikin ido a Maruwa. Mako uku zan yi. Ba ni da wanda zan bar wa shi sai kai."

"Ni, Madam? Kin san ba na taɓa kare."

"Ban ce ka goya shi ba. Ka zuba masa abinci safe da yamma, ka cika masa ruwa. Kai ka san nama."

Maganar nan ta ƙarshe ita ta gama da ni. Na gyara zama, na ce ta tafi da kwanciyar rai, in ta dawo da sabon ido za ta ga kare kamar ɗan maraƙi. Ta kai ni gidan, ta nuna mini buhun tsakin shinkafa da tukunyarsa da kwanonsa. Ta ce a dafa da ruwa zalla, a jefa ɗan nama ko kan kifi, kada a sa komai. Da muka dawo zaurena ta miƙo mini takarda, rubutun malaman lekol, layi-layi, ta ce duk abin da ba a ba shi yana ciki.

"Ka iya karantawa ko in karanta maka?"

Ku ji tambaya fa, a gaban uwargidana. Na riƙe takardar nesa da fuska, na gyaɗa kai, na ce wi, wi, na ninke na sa a aljihu.

A ranar na tafi kwata, inda ake yanka, don in karɓo ɓarɓashin nama wajen tsofaffin abokai. Wani ya yanko mini hanta mai kyau. Ba leda kusa. Hannun mai balangu kuwa in ya taɓa takarda abu ɗaya ya sani. Kafin in tuna, na riga na naɗe hantar. Da na iso gida jini da maiƙo sun shanye rubutun Madam, sai na jefa takardar a murhu ban ji komai a raina ba. Me malamar lekol za ta koya mini a kan tukunya?

Ranar farko na dafa yadda ta ce. Da na sauke na leƙa, sai kunya ta kama ni. Fari fat, ba ƙamshi, irin abincin da ake ba wanda aka yi wa aiki a lopital, wato asibiti. Karen ya cinye, ya lashe kwano, ya dube ni. Ni a ganina kallon tuhuma ne. Baƙo ne fa a hannuna. A gidanmu ko mahaukaci ya sauka ba a ba shi gaya. Kuma a sana'armu ba a miƙa wa mutum nama ba albasa, wanda ya yi haka ya zagi mai saye.

Sai aka yi dace, ko in ce rashin dace, ƙanen uwargida ya aiko mana da buhun albasa daga wajen Maruwa. Zafi ya fara dafa ta tun a mota, ta ƙasa ta yi laushi, dole a ci da sauri. Uwargida tana yanka mai kyau tana shanyawa, ni kuwa na kwashi masu laushin na ce na sama musu aiki.

Romon da na dafa a rana ta biyu, ko a lokacin da nake da ƙarfina ban cika yin irinsa ba. Na narka kitse, na zuba albasa har ta cika rabin tukunya, na bar ta ta yi ja ta narke, na daka tafarnuwa na zuba, sannan nama, sannan shinkafar Madam don kada a ce ban bi umarni ba. Ƙamshi ya tsallaka katanga. Karen ya tsaya da ƙafa biyu a jikin ƙofa yana kuka kamar yaro.

Uwargida ta leƙo daga madafa. "Malam, haka matar ta ce a yi?"

"Matar alli ta sani. Ni na san tukunya."

"To," ta ce, ta koma. Shekara arba'in da wani abu muna tare, na san wannan to ɗin, amma na yi kamar ban ji ba.

Kwana huɗu muna cikin daɗi ni da baƙona. In ya ji ƙarar makulli sai ya taho da gudu, ya yi ta zagaya ni, ni kuwa ina tattare riga ina cewa ya tsaya can, akwai alwala. Na fara yi masa hira da Hausa, na ce kafin uwar ɗakinsa ta dawo sai ya manta da Faransanci. A majalisa na ba da labari, aka yi dariya, wani ya ce a dafa da shi gobe.

Rana ta biyar bai taho ƙofa ba. Yana kwance ƙarƙashin mangwaro, ya ɗago kai, ya taso a hankali, ya ci, ya koma. Na ce zafi ne. Zafin Garwa jaki ma yana kwantar da shi.

Rana ta shida na lura da numfashinsa. Gajere, da sauri, haƙarƙari yana hawa yana sauka alhali ba gudun da ya yi. Na ƙara masa ruwa, na jiƙa ƙasan inda yake kwanciya.

Rana ta bakwai da safe na ga inda ya yi fitsari a kan siminti kusa da famfo. Da farko na zaci wani ya zubar da zoɓo, wanda muke ce wa folere a nan. Ja ne mai duhu, ya bushe a gefe-gefe ya bar zobe. Na daɗe a tsaye da tukunya a hannu. Na yi shekaru ina ganin jini kowace safiya, ban taɓa jin komai ba, amma wannan ɗan tabon na kasa ɗauke ido daga kansa.

Layinmu kuma ya yi shiru. Mutum ba ya sanin yana jin abu sai ya daina. Mai ruwa ya wuce da kurarsa, ba haushi. Awaki suka shiga har bakin ƙofar Madam suna cin bawon mangwaro, ba haushi. Maƙwabcin da ke ɗaya gefen ya tare ni a hanyar masallaci ya ce, "Lafiya kuwa karen nan? Kwana biyu ban ji shi ba." Ya rage murya ya tuna mini abin da kowa ya sani, cewa ɓarayi in sun sa gida a gaba, kare suke fara gamawa da shi. Su jefo nama mai guba ta katanga, su jira kwana biyu uku, sannan su zo. Ga gida ba kowa, ga makulli a hannuna.

Nan take na gane komai, don ni mutum ne mai saurin ganewa. Akwai wani mai sayen tsofaffin ƙarafa da ke wucewa da rana yana tura kura, dogo, yana leƙa katangar mutane. Na yanke masa hukunci. Na ɗauko tsohuwar wuƙata ta aiki da dutsen wasawa, na shimfiɗa buzu a ƙofar Madam, na zauna ina wasa ta tun hantsi. Da ya zo wucewa ya yi mini sannu da Fillanci, na amsa ba tare da na daina wasawa ba, ina kallonsa. Bawan Allah ya tura kurarsa da sauri har wani murfin tukunya ya faɗi bai tsaya ɗauka ba.

Saura maganin guba. Wannan ma na sani. Tun muna yara, in an ce wani ya ci abin da bai kamata ba, tafarnuwa ake dakawa. Na ninka ta a romon yamma. Na ƙara albasa don ƙamshi ya jawo shi, tunda ya fara barin saura. Na tsuguna nesa kaɗan ina lallashinsa. "Ci mana, baƙona. Ci ka kunyata maƙiya." Ya dube ni, ya ja jiki zuwa kwanon, ya ci don na ce ya ci.

Rana ta takwas bayan la'asar Madam ta kira. An yi aikin ido ɗaya, an rufe shi da auduga, an hana ta sunkuyawa da ɗaukar kaya, an ce kada ma ta yi kuka.

"Yaya yake, Alhaji?"

"Ƙiba kawai yake yi, Madam."

"Kai masa wayar kusa da kunne."

Na shiga, na miƙa hannu iya tsawonsa. Muryarta ta fito ƙarama tana kiran sunansa, tana yi masa surutun da ta saba. Kunnen nan mai lafiya ya motsa. Wutsiya ta bugi ƙasa sau ɗaya. Ya yi ƙoƙarin tashi, ƙafafun baya suka ƙi.

"Bai yi haushi ba," ta ce.

"A ƙoshe yake. Yanzu ya gama ci."

Sannan ta ce, "To, mersi, Alhaji." Na kashe wayar.

Rana ta goma ya ƙi ci sam. Ya kawar da kai daga kwanon kamar mai jin kunya. Da na ɗaga ido sai na ga ungulu biyu a kan rufin gidan da ke bayanmu. Wanda ya yi rayuwarsa kusa da kwata ya san ungulu ba ta zama a banza. Na jefe su da dutse, suka matsa taku biyu suka sake zama.

Uwargida ce ta same ni a nan. Ba ta taɓa shiga gidan ba sai ranar. Ta dubi karen, ta dubi tukunyar, ta ce, "Malam, ajiye wuƙar nan ka je ka kira yarinyar nan ta kwata."

Yarinyar da take nufi likitar dabbobi ce mai duba nama kafin a fitar da shi kasuwa. Ni da ita mun sha yi, don ta taɓa hana ni wata hanta da har gobe nake cewa lafiyarta ƙalau. Na hau mashin na je, na same ta tana wanke hannu. Ta ce, "Baba, yau kuma wace hantar ce aka zalunta?" Da na gaya mata batun fitsarin sai ta daina murmushi, ta ɗauki jakarta.

Ta tsuguna gaban karen ta yi abin da ni ban yi ba cikin kwana goma, kuma ba zan yi ba ko da shekara ce. Ta ɗaga leɓensa.

"Zo ka gani, Baba."

Na matso. Dasashin da ya kamata ya zama ja ya koma fari, da ɗan rawaya a ciki. Na san kalar nan. Ita ce kalar kitsen saniyar da ake feɗewa kwata ta yi tsit, a ja ta gefe, kowa ya san ba mai cin ta.

"Guba ce," na ce. "Na ma san wanda ya jefo."

"Me yake ci?"

"Abin da ko ke ba ki samu a gidanku."

Ta tashi ta buɗe tukunyar, ta sa ludayi ta ɗebo daga ƙasa. Albasa ta zubo, ja, narkakkiya, tana sheƙi. Ta shinshina.

"Kwana nawa?"

"Tara. Safe da yamma."

"Da tafarnuwa?"

"Wannan magani ne. Na ƙara ta ne tun da ya fara ciwo."

Ta ajiye ludayin a hankali. Ta ce albasa tana farfasa jinin kare. Ɗanya, dafaffiya, soyayya, busasshiya, duk ɗaya ne, tafarnuwa kuma ta fi ta. Ba ranar da ya ci take nunawa ba, taruwa take yi. Jan da na gani a siminti jininsa ne da ya lalace yake fita. Numfashin nan kuwa, iska yake nema, abin da zai ɗauke ta a jikinsa ya ƙare.

"Mai shi ba ta gaya maka ba?"

Na yi tari.

"Goro fa? Ka ba shi?"

"Goro ba na rabawa da kowa."

"Rowarka ta yi rana. Shi ma guba ne a gare su."

Na so in yi dariya don a samu sauƙi, ita ba ta yi ba. Ta yi masa allura, ta rataye ledar ruwa a reshen mangwaro ta sa masa a ƙafa. Ta ce abin da yake bukata jini ne, ita kuwa ba ta da inda za ta samo jinin kare a yau. Mai ƙarfin jiki yakan tashi in an daina ba shi da wuri. Ba ta ce an daina da wuri ba.

"Ka kira ta yau, Baba. Kada ka bari sai gobe."

Na zagaya gidan sau uku da waya a hannu kafin in danna. Abin da na faɗa ban tuna duka ba. Na tuna dai ba ta yi mini tambaya ko ɗaya ba sai ta lokacin tashin motar farko.

Washegari kafin azahar wani mai mashin ya sauke Madam a ƙofa, da auduga a ido ɗaya da baƙin tabarau a kai, ba ta jira likitocin sun sallame ta ba. Na miƙa mata makulli, ta karɓa ba ta dube ni ba. Da yake an hana ta sunkuyawa, sai ta zauna a ƙasa da sabon zanenta, bayanta a miƙe, kanta a sama kamar mai kallon ganyen mangwaro, ta laluba da hannu har ta sami karyayyen kunnen. Ta yi ta yi masa magana ƙasa-ƙasa. Uwargida ta tsaya a bayanta tana cewa, "Madam, idonki. Ki riƙe, don Allah, idonki." Ta riƙe kuwa. Ba ta bari ko ɗigo ya fito ba.

Kafin la'asar numfashin nan mai sauri ya tsaya.

Ni na haƙa ramin, a bayan gida kusa da katanga, da waɗannan gwiwoyin. Ƙasa ta bushe kamar dutse, sai da na yi ta zuba ruwa. Da na gama ba wanda zai ɗauko shi, sai na naɗe hannun riga na ɗauko shi da kaina. Bai kai nauyin da na zata ba.

Bayan na mayar da ƙasa na wanke hannu, na same ta a kan kujera a inuwa, uwargida ta kawo mata ruwa ba ta sha ba. Da na yi sallama na wuce, da na tafi gida da ɗan sauran mutuncina. Amma bakin mai balangu bai saba da shiru ba, da surutu muke sayar da nama. Na tsaya a gabanta ina murza hula.

"Madam, Allah ya sani ba mugunta ba ce, karramawa ce. Romon nan da albasar nan, rabin mutanen Garwa sun ci daga hannuna. Direbobi, jandarmomi, har manyan ma'aikata masu kwat. Ba wanda ko ciki ya taɓa yi wa ciwo."

Ta juyo da idon da ke gani, ta dube ni a karo na farko tun da ta sauka.

"Ba mutanen Garwa na bar maka ba, Alhaji."